Kafin A Fasa Kunyar Titi, A Tambayi Masu Layin

'Yan'uwa, yau ba maganar takara ko rabon muƙami zan yi ba. Maganar layinmu ce a nan Kano, kuma na san irinta tana faruwa a naku.

Da can da hanyarmu take ramuka da caɓi, kowace mota tafiyar hawainiya take yi. Tun da aka zuba kwalta, duk direban da ya ga cunkoso a babban titi sai ya karyo ta cikin unguwa, ya taka wuta kamar yana kan hanyar Zariya. Wata rana da yamma, daidai lokacin tashin Islamiyya, mota ta buge 'yar maƙwabcinmu. Da sauran kwananta a gaba, ta tsira da karaya a ƙafa. A daren ranar matasa suka yi karo-karo, suka sayi siminti, suka tayar da kunya uku a tsakiyar titi don rage gudu. Ni ma na ba da nawa, ba zan ɓoye ba.

To, abin da ya biyo baya shi ya sa nake wannan rubutu. Kunyoyin sun yi tsini, babu fenti, babu alama. Wani mai babur ya faɗi da daddare. Ƙananan motoci suna gogar ƙasa. Wata mai naƙuda da aka ɗauko a Adaidaita Sahu ta sha wuyar da bai kamata ta sha ba. Daga baya aka turo ma'aikata suka farfasa su, ba tare da an tambayi kowa dalilin yin su ba. Muka koma gidan jiya.

Mu mun yi kuskure, su ma sun yi. Mun san inda matsalar take, amma ba mu iya aikin ba. Su sun iya aikin, amma ba su san layin ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai zaunar da mu wuri ɗaya.

Kada wani ya ɗauka tsoron iyaye ne kawai. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin kusan mita 8 a daƙiƙa ɗaya. A gudun kilomita 60, kusan mita 17 take ci kafin direba ya ko taɓa birki. Kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota ke buƙata ta tsaya bayan an taka birki yana ninkawa sau huɗu. Yaron da ya biyo ƙwallo da gudu ba ya jiran wannan lissafi. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari, amma a layin da yara ke wasa a ƙofar gida, 50 ɗin ma ta yi yawa. Shi ya sa taron ministocin duniya kan tsaron hanya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a riƙa tsayawa a kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cuɗanya. Sifaniya ta mayar da wannan doka a ƙananan titunan biranenta a 2021.

Kunyar da injiniya ya tsara daban take da tamu. Tudunta ba ya wuce santimita 10, faɗinta ya kai mita uku zuwa huɗu, tana da gangara mai laushi, ga fenti, ga alama tun daga nesa. Kuma ba kunya kaɗai ce mafita ba. Wani layin fitila yake buƙata, wani layin tsallaka titi a ƙofar makaranta, wani kuma a hana manyan motoci bi ta cikinsa. Wa zai gaya wa injiniya wanne ne ya dace da ina? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga abin da nake nema daga kansilolinmu. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, kowace da kansilanta. Kafin a gama kowane titi a cikin unguwa, ko kafin a fasa abin da jama'a suka yi, kansila ya kira zama. A gayyato mai unguwa, shugabannin makarantu, 'yan Adaidaita, masu shaguna, da mata, domin su ne ke gida da rana suna ganin yadda abin yake. A gayyato injiniya da jami'an KAROTA. A taka layin da ƙafa, a nuna kwanar da ba a hango mota, a faɗi lokacin da yara ke fitowa. A rubuta abin da aka amince, a liƙa shi inda kowa zai gani.

Na san wani zai ce idan aka buɗe wannan ƙofa kowa zai nemi kunya a ƙofar gidansa. Gaskiya ne, za a yi gardama. Amma gardama a gaban mai unguwa ta fi siminti a tsakar dare, kuma injiniya yana nan don ya ce wannan ba zai yiwu ba, ga dalili. Wani kuma zai ce ana fama da tsadar rayuwa, ina ake ta batun gudun mota. Ya je ya tambayi maƙwabcina nawa ya kashe a kan ƙafar 'yarsa.

Mu magoya baya mun iya yaɗa hoton sabon titi, muna ta tafi. Ba laifi. Amma uwar da ba ta iya aiken ɗanta kanti don tsoron mota, ba hoton za ta tuna ba ranar zaɓe. Kowa ya tuntuɓi kansilansa a wannan makon, ya tambaye shi yaushe zai kira zaman.

Allah Ya tsare mana yaranmu.