Mai Koyon Buga Hatimi Ya Fara Da Sassaƙa

A garin Ntonso, kusa da Kumasi a ƙasar Ghana, Tonawa, wato mutanen Asante, suna da sana'ar buga zane da hatimi, wadda suke kira adinkra. Sana'a ce daɗaɗɗiya, domin wani zanen adinkra da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya samo a Kumasi a 1817 yana nan ajiye a gidan tarihi na British Museum da ke Landan. Sai dai a yau masu bugu da dama sun koma ga allon raga da ake shafa wa fenti, saboda ya fi sauri, kuma launinsa yana jure wanki. Wannan ya sa wasu masu koyo suke ganin sassaƙa hatimi ɓata lokaci ne. Kuskure ne kuwa, domin a wurin sassaƙar ne ilimin sana'ar yake.

Ana yin hatimin ne da sakainar ƙwarya mai kauri. Mai sassaƙa yakan zana alamar a kanta, ya bi da wuƙa yana ƙwaƙule duk wurin da ba ya son tawada ta taɓa. Daga nan ya kafa 'yan tsinkaye a bayanta, ya ɗaure kawunansu su zama mariƙi. Darasin farko da mai koyo zai gamu da shi a nan shi ne hatimi yana juya hoto: abin da ke dama a sakaina, a hagu zai fito a kan zane. Shi ya sa ya fi dacewa ya fara da alamar da ake kira adinkrahene, wadda da'irori ne wata cikin wata, duk ta inda aka juya ta iri ɗaya take. In hannu ya faɗa, sai ya matsa zuwa sankofa, tsuntsun nan mai waiwaye, wanda ke nufin a koma a ɗauko abin da aka bari a baya.

Tawadar ma tana da nata darasin. Ɓawon itacen badie, wanda Bahaushe ke kira kirni, ake jiƙawa, a daka a turmi, a dafa har ruwan ya yi baƙi ya yi kauri. In ta yi ruwa-ruwa sai ta malale ta ɓata alamar. Kuma da yake fuskar sakaina ba shafaffiya ba ce, dole mai bugu ya ɗan mirgina hatimin daga gefe zuwa gefe kafin alamar ta fito cikakkiya. Hannu ne kaɗai ke koyon wannan, bayan ya lalata ƙyallaye masu yawa.

Masu goyon bayan allon raga suna da hujja, domin mai sana'a yana da iyalin da zai ciyar, kasuwa kuma ba ta jira. Amma wanda ya fara da allo alamar da wani ya zana kawai yake maimaitawa, ran da allon ya yage sai ya zauna jiran mai yi masa wani. Wanda kuwa ya iya sassaƙa, ko da ya koma ga allo daga baya, ya san yadda kowane layi ya samu, kuma yana iya ƙirƙiro sabuwar alama. Kayan farawar ma ba su da tsada: fasasshiyar ƙwarya, wuƙa mai kaifi, da tsohon ƙyalle na gwaji.