Ba kowane jini ne basir ba

Jama'a, a Jalingo da wuya ka ratsa tasha ko ka shiga babbar kasuwa ba ka ji lasifikar mai maganin basir ba. A bakinsa ciwon baya basir ne, kumburin ciki basir ne, kasala da raunin mazakuta duk basir ne, kuma gora ɗaya ta wadatar. Mukan yi dariya mu wuce, amma da yamma wasunmu kan zagayo su saya a ɓoye.

Abu ɗaya ya faɗa daidai: basir ya yi yawa a cikin mutane, kuma ba a nan kaɗai ba. A Amurka an ƙiyasta cewa kusan rabin waɗanda suka haura shekara 50 suna da shi. A ƙasar Ostiriya, wani bincike da aka wallafa a 2012 ya duba manya kusan 1,000, aka same shi a jikin kashi 39 cikin 100, kuma fiye da rabin waɗannan ba sa jin komai. Ke nan a duk majalisar da muka zauna akwai masu shi. To ina abin kunya?

Basir jijiyoyin jini ne na bakin dubura, waɗanda kowa ke da su, suke kumbura. Abin da ke kumbura su sananne ne: taurin bayan gida, yawan yunƙuri, daɗewa a banɗaki (yanzu har da waya ake shiga), juna biyu, da ɗaukar kaya masu nauyi. Alamominsa jini ja bayan an yi bayan gida, ƙaiƙayi, tsiro, wani lokaci zafi. Babu ciwon baya a ciki. Mafi yawansa yakan lafa idan aka yawaita shan ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu, aka kuma riƙe zogale, kuɓewa, wake da gwanda. Wanda ya ƙi, likita na iya ɗaure shi da 'yar roba ya bushe ya faɗi. Kaɗan ne ke kaiwa ga tiyata.

Damuwarmu ita ce jinin. Kansar hanji ma da jini take fara nuna kanta, kuma ido ba ya bambance su, sai an duba. Mutum zai shekara yana shan jiƙo yana cewa basir ne, yana ramewa, bayan gidansa ya sauya, iyalinsa ma ba su sani ba saboda wurin da ciwon yake. Kafin ya je asibiti abin ya yi nisa. Alhali kansar nan ana warkar da ita idan an kama ta da wuri.

Ba faɗa muke da masu maganin gargajiya ba, neman abincinsu suke. Amma wanda bai duba ka ba, ta yaya ya san abin da ke damunka? Duk wanda ya ga jini, ballantana ya haura 45, ko jinin ya zo baƙi, ko yana tare da rama da jiri, ya nufi FMC Jalingo ko Asibitin Ƙwararru na jiha.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su gayyato likita a taro mai zuwa, a kuma ware wa iyayenmu mata zamansu daban da ma'aikaciyar lafiya mace, don masu ciki da masu jego su samu bakin tambaya.