Sifanar taya ba ta murfin bawul ba ce

Bakaniken da ya ɗauko sifana mai awo ta ɗaurin taya don ya ɗaure murfin bawul, ya ɗauko wa mai mota asara. Notin tayar Toyota Corolla na buƙatar ƙarfin ɗauri na Nm 103, na murfin bawul kuwa wajen 10 kacal. Babbar sifana mai bakin rabin inci yawanci daga 40 take fara awo, don haka kafin ta yi ƙarar da ke nuna ɗauri ya kai, ramin notin da ke cikin alminiyom ya lalace, gaskit ya matse, baƙin mai ya fara tsiyaya.

Ƙarama mai bakin kwatan inci, wadda ke auna 5 zuwa 25, ita ce ta dace da wannan aiki, kuma kuɗinta bai kai na gyaran kan inji ba.