Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina roƙo ku saurare ni a kan littattafan 'yan leƙen asiri da mu ke karɓa hannu da hannu, da silima ɗin da a ke yi da su. Duk wanda ya karanta, sunan jarumi ya ke riƙewa. Ni kuwa ra'ayina shi ne, mutumin da ya kamata mu sa wa ido shi ne na biyu, watau ɗan garin da ya nuna wa jarumi hanya, domin a wurinsa ne a ke gane adalcin mai labari.

Ɗan leƙen asiri baƙo ne kullum. Bai san harshe ba, bai san mashigin rafi ba, bai san ƙofar da a ke rufewa da magariba ba. In ba wanda ya kama hannunsa, to, makaho ne da ido buɗe.

Ku dubi littattafan Ian Fleming, Baturen Ingila da ya ƙago James Bond. A cikin Live and Let Die na 1954 akwai wani baƙin mutum masunci, sunansa Quarrel, wanda ya san teku kamar yunwar cikinsa. Shi ya hori Bond a Jamaika, ya koya masa halin ruwa da dabbobin da ke cikinsa. A cikin Dr No na 1958, kafin ya yarda su tafi tsibirin maƙiyi, sai da ya nemi a yi wa iyalinsa tanadi ko da ba zai komo ba. Wannan halin dattijo ne mai hangen nesa. Ko da ya ke littafin ma bai kuɓuta daga raina baƙar fata ba, ya bar wa mutumin nan girmansa. Amma da aka mai da shi silima a 1962, sai ga Quarrel yana kurɓar giya don tsoron dodo, har Bond yana aikensa ɗauko takalma. Malami ya koma bara, sa'an nan wuta ta cinye shi, labari ya wuce.

Wani lokaci kuma silima ta kan girmama mataimaki, amma ta sāke masa fuska. A littafin Kim na Rudyard Kipling, 1901, akwai Mahbub Ali, falken dawaki Musulmi, wanda ke tattara wa Turawa labari a ƙasar Indiya. A silimar 1950 an faɗaɗa rabonsa, sa'an nan aka miƙa shi ga Errol Flynn, Bature, ya sa rawani ya taka. Watau in rabon ƙarami ne a bar wa ɗan ƙasa, in ya yi tsoka a karɓe.

Wani zai ce, ai silima sa'a biyu ce, dole a rage. Haka ne, amma ragi daban, ƙasƙanci daban. Lokacin da aka ɓata wurin nuna mutum yana rawar jiki, ya isa a nuna shi yana ba da shawara.

Kada ku ce wannan al'amarin nesa ne. A ƙasarmu ma an yi. Kowane ɗan makaranta ya san Lugga, ya san an ci Kano a 1903. Nawa ne suka san Adamu Jakada, wanda ke yawo tsakanin garuruwan sarakuna yana kai wa Turawa labari, har rahotanninsa na 1899 zuwa 1901 suna nan a rubuce? Ba na ce a yabe shi ba. Wani zai kira aikinsa fatauci, wani ya kira shi cin amana, kowa ya yanke hukuncinsa. Amma wanda bai san da irinsu ba, zai zaci igwa kaɗai ta ci ƙasar nan, alhali kuwa kafin igwa ta iso, labari ya riga ya tafi.

Mu mutanen shiyyar Daura muna da abin koyi a gida. Daga Dutsi har birni, ba yaron da bai san Bayajida ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu ba. To, wa ya sauke shi? Wa ya gaya masa ba a samun ruwa sai ran Jumma'a? Gugan wa ya ɗauka? Tsohuwa ce, Ayana, kakanninmu kuwa ba su yar da sunanta ba, sun riƙe mana shi har yau. Haka kuma Alhaji Abubakar Imam, a Ruwan Bagaja na 1934, ya ba Malam Zurke ɗan Muhamman wayo da baki daidai da na mai labarin, har in an cire shi littafin ya zama miya ba gishiri.

Saboda haka ga shawarata. Gobe za a ba kowannenmu aji. In mun karanta wa yara labari, ko na gida ko na waje, kada mu tsaya ga tambayar wa ya ci nasara. Mu tambaye su wa ya ba shi masauki, wa ya yi masa tafinta, me ya samu, ina ya ƙare. In ba mu yi haka ba, yaro zai tashi yana ganin mai kama da ubansa ɗan ɗaukar kaya ne kurum cikin labarin duniya. Waɗanda kuma Allah ya ba baiwar rubutu a cikinmu, in sun ɗauki alƙalami, su ba ɗan jagora suna, da gida, da dalilin da ya sa shi tafiya.

Allah ya sa mu zama masu adalci ga babba da ƙarami, amin.

Wani ɗalibi, mutumin Dutsi.