Kafin A Kira Ta Juya

Akwai wata magana da muke so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawunan ƙasar Karaye da Rogo a kanta, domin su ne mutanen ƙauye kan kai wa takardar asibiti su karanta musu, su ne kuma ake jin shawararsu a zaure.

Mace takan yi ɓari, a kai ta asibiti a yi mata wankin ciki, ta warke ta komo ɗakinta. Bayan haka sai al'adarta ta ragu ƙwarai, ko ta ɗauke ɗungum. Wata kuwa ko wane wata mara ta murɗa mata, jini bai fito ba. Shekara ta kewayo ba ciki. Tsofaffi su ce ciki ne ya kwanta, waɗansu su ce iska ce, dangin miji su ce ai juya ce. In abin ya kai ga saki, wahalarta ba ta ƙare ba, gama a mazhabar Malikiyya wadda jininta ya ɗauke ba a san dalili ba sai ta jira wata 9, sa'an nan ta ƙara 3.

To, sau da yawa abin ciwo ne, likitoci kuwa sun san shi. A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai taushi wadda ke zuba ko wane wata ta sake tsirowa, a cikinta ne ciki ke kama. Idan aka kankare mahaifar da ta yi ɓari da ƙarfe, aka zarce har tushen shimfiɗar nan, sai wurin ya yi tabo, bangon gaba da na baya su manne, kamar yadda yatsu biyu da suka ƙone kan haɗe in an ɗaure su tare. Wani likitan Jamus, Fritsch, ya fara ba da labarinsa a 1894. Likita Asherman ya bayyana shi sosai a 1948, shi ya sa ake kiransa da sunansa. A 2014 likitocin ƙasar Holan suka tattara binciken da aka yi, suka ga kusan mace 1 cikin 5 da aka duba bayan ɓari tana da mannewa, ko da ya ke galibi kaɗan ce. Haɗarin kuwa ƙaruwa ya ke yi in an maimaita kankara.

Kada wani ya karanta wannan ya hana matarsa wankin ciki. Ragowar ciki in ta zauna takan jawo zubar jini ko ruɓewa, kuma tana kisa. Abin da muke cewa shi ne, wankin ciki iri iri ne. Akwai na ƙarfe, akwai na sirinji mai zuƙowa, akwai kuma ƙwayar misoprostol wadda ke sa mahaifa ta fitar da ragowar da kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2012 a bar na ƙarfe a koma ga waɗannan biyu, ta sake faɗa a 2022. Sabo da haka ba rashin ladabi ba ne miji ya tambayi malamin asibiti wanne za a yi. Amma fa ƙwayar nan ba ta saye a kemis a sha a ɗaka ba ce.

Mafi muni shi ne a kira wanzami ko ungozoma a yi yankan gishiri, wai don jini ya sami hanya. Aska ba ta kai inda tabon ya ke, abin da ta kan samu mafitsara ce, sai a ƙara wa mace yoyon fitsari a kan ciwonta.

Magani yana manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Hoton ciki na yau da kullum ba ya cika nuna tabon. Sai an zuba wani ruwa a mahaifa an ɗauki hoto, ko an zura siririn madubi an gani da ido, da shi ne kuma ake raba mannewar. Wadda tabonta kaɗan ne takan ga al'adarta, da yawa har su haihu. Wadda nata ya yi tsanani, gaskiya da wuya, bai kuwa kamata a ɓoye mata ba. Mun san tafiyar da nisa ga mutumin Rogo, amma kuɗin mota da na hoto bai kai na lefen amarya ba. Shi ma maigidan a duba shi tun da ya je.

Aikin malamai a nan ƙarami ne. Duk wadda aka yi wa wankin ciki, a roƙi a rubuta mata a kati ranar da aka yi da irin wanda aka yi, a adana kamar takardar gona. In wata 2 ko 3 suka wuce ba al'ada, an gwada kuma ba ciki, a ɗauki katin a koma. Wadda Allah ya ba ciki bayan an raba mata tabo kuwa, lalle ta haihu a asibitin da ke da jini, domin mabiyiya takan liƙe a wurin tabon ta ƙi fita.