Kafin Kaka Ta Dangwala "E" ko "A'a"

Yau a Rabah za mu ɗauko zance, garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello.

A watan Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya zaɓen raba-gardama a yankin Kamaru da ke hannun Ingila. Zaɓi biyu aka ba mutane: su sami 'yanci ta hanyar shiga Nijeriya, ko ta hanyar shiga Jamhuriyar Kamaru. Mai son ƙasa tasa ta kansa bai sami akwati ba. Mutanen arewacin yankin suka zaɓi Nijeriya, aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna. Da wannan ƙuri'a Mubi da Ganye da Gembu suka zama namu. Amma ku lura, wanda ya tsara tambaya ya riga ya yanke rabin hukunci.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu ɗanɗana wannan. Ranar 4 ga Agusta 2009 Shugaba Tandja Mamadou ya kai sabon kundin tsarin mulki gaban jama'a, bayan ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki da ta ce masa hakan bai halatta ba. Kundi ne guda cur, da Faransanci, amsa kuma ɗaya tak. Wanda ya ce "e" don yana son a ƙarasa ayyukan da aka fara, ya amince ke nan da ƙarin shekara uku ga shugaba, da kuma cire iyakar wa'adi. Ba a yarda ka tsince tsakuwa ka bar shinkafa ba. 'Yan adawa suka ƙaurace, aka ce fiye da kashi 90 cikin ɗari sun amince, ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka kifar da gwamnatin. Tazarcen ko wata bakwai bai cika ba.

A Kenya, a 2005, ayaba aka sa alamar "e", lemo alamar "a'a". Dabara ce mai kyau ga wanda bai iya karatu ba, sai dai alama hanyar akwati take nunawa, ba ta faɗin abin da ke cikin kundi.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu? Gaskiya ne gyaran kundin 1999 ba ya bi ta hannun talaka: Sashe na 9 ya bar shi ga Majalisar Tarayya da majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36. Amma Sashe na 8 ya ce ba a ƙirƙiro sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma sai an yi zaɓen raba-gardama, kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun yarda. Kiranyen ɗan majalisa ma haka ne a Sashe na 69 da na 110: fiye da rabin masu rajista su sa hannu, sannan hukumar zaɓe ta INEC ta shirya ƙuri'a cikin kwana 90. Ranar da irin wannan takarda ta zo Wurno ko Goronyo, da Turancin lauyoyi za ta zo, kuma ku za a miƙa wa a tsakar gida.

A ganina fassara kalma da kalma ba ta wadatar ba. Faɗa wa kaka me zai canza in "e" ta yi nasara. Sannan faɗa mata me zai faru in "a'a" ta ci, don nan ne aka fi yaudarar mutane, a ce musu ƙin amincewa daidai yake da rugujewar ƙasa, alhali sau da yawa tsohuwar doka ce kawai za ta ci gaba. In an cusa abubuwa da yawa cikin tambaya ɗaya, ware su ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayinka kuwa, riƙe shi sai in ta tambaya. Ƙuri'ar tata ce.

Aikin wannan mako: ku roƙi malaminku na darasin gwamnati ya ara muku kundin, ku mayar da Sashe na 69 cikin Hausa, ku karanta wa wani babba a gida. Duk inda ya ce "ban gane ba", ku ja layi, ku aiko mana da wurin.