Husufin Wata: Sanin Sababi Ba Ya Rage Tsoron Allah

Har yau, idan aka yi husufi, yara a wasu unguwanninmu kan fito suna kaɗa gwangwanaye, wai rana ce ta kama wata. A Janairun 2001 kuwa, jahilcin ya kai wasu matasa a Maiduguri ga ƙona otal-otal da mashaya, suna ɗora wa masu saɓo alhakin husufin.

Wata ba shi da hasken kansa, daga rana yake samu. Idan duniya ta gitta tsakaninsu, inuwarta ta lulluɓe shi, husufi ke nan. Shi ya sa ba ya aukuwa sai daren da wata ya cika, kamar yadda Ibn Taimiyya ya bayyana tuntuni.

Ranar rasuwar Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), rana ta yi kusufi. Annabi ya kore danganta hakan da mutuwa ko rayuwar wani, ya yi umarni da salla da addu'a da sadaka.

Don haka, iyaye da malaman Islamiyya, mu koya wa yara sababin, sannan mu kama hannunsu zuwa masallaci. Wanda ya san lissafin da Allah Ya ɗora wata a kai, shi ya fi cancantar jin tsoronSa. Allah Ya sa mu dace.